Wallace ko Thurmond? A fara tambayar wa aka bari ya jefa ƙuri'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai tun hutun makaranta da ya wuce. Ni tsohon malamin tarihi ne. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli a makarantun sakandaren jihar nan kafin in yi ritaya, yanzu kuma ina zaune a Tudun Wada.

Autana yana karanta kimiyyar siyasa a jami'a. Da ya dawo hutu sai ya zo da wani aiki da malaminsu ya ba su: a ɗauko manyan 'yan siyasar jihohin kudancin ƙasar Amurka na zamanin wariyar launin fata, a haɗa su bibbiyu kamar yadda ake haɗa 'yan dambe, sannan ɗalibi ya faɗi wanda zai lashe zaɓen shugaban ƙasa da dalilinsa. Abin ya shiga ran yaran. Kullum bayan isha'i suna kan benci a ƙofar gidana, kusa da teburin mai shayi, wannan ya ce George Wallace, tsohon gwamnan Alabama, zai kayar da Strom Thurmond, wancan ya ce ai Richard Russell ya fi su duka iya taku. Dare uku ina zaure ina jin su. A na huɗu na ɗauko kujerata na fito.

Ban fito don in hana su ba. Yaron da ya san sunan gwamnan Alabama na 1963 alhali tsaransa ba su san sunan ɗan majalisar mazaɓarsu ba, ai abin a yaba masa ne. Na ma shiga muhawarar, kuma ga abin da na ce musu.

Karon da suka fi zafafawa a kai shi ne na Wallace da Thurmond, domin su biyun ne suka taɓa tsayawa takarar shugaban ƙasa da gaske har suka ci jihohi. Thurmond yana gwamnan Karolaina ta Kudu ya tsaya a 1948, bayan wasu wakilan kudu sun fice daga babban taron jam'iyyar Dimokurat saboda ta sa batun 'yancin baƙar fata a manufofinta. Ya ci jihohi huɗu, wato tasa da Alabama da Misisifi da Luwiziyana, ya tashi da ƙuri'un wakilan zaɓe 39, wato wakilan jihohi waɗanda ƙuri'unsu ne ke tabbatar da shugaban ƙasa a Amurka. Amma a faɗin ƙasar kashi biyu da 'yan kai cikin ɗari kawai ya samu, Harry Truman kuwa ya ci zaɓensa. Wallace ya fito bayan shekara ashirin, a 1968, ya ci jihohi biyar, ya samu wakilai 46, mutum kusan miliyan goma suka zaɓe shi, wato wajen kashi goma sha uku da rabi. Bambancin ya wuce na lissafi. Thurmond ɗan gidan masu hali ne, lauya, tsohon alƙali, maganarsa ta 'yancin jihohi ce da kundin tsarin mulki, kuma ba ta tsallake kudu ba. Wallace kuwa ya taɓa yin damben zamani yana saurayi, ya san yadda ake hura wa taron talakawa wuta. Ya gano cewa ma'aikacin masana'anta farar fata a arewa yana da irin tsoron da manomin Alabama ke da shi. Tun 1964 ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku a zaɓen fid da gwani na Wiskonsin, a 1972 kuma ya ci na Mishigan da Merilan washegarin ranar da aka harbe shi. Don haka na ce wa yaran, in a filin kamfe ne, Wallace zai yi wa Thurmond nisa.

Sai dai ɗaya daga cikinsu, yaro mai kaifin basira daga Unguwar Sanusi, ya ce, "Baba, ai sun taɓa karawa a fakaice." Na ce ya yi gaskiya. A 1968 Thurmond ya riga ya koma jam'iyyar Rifablikan shekara huɗu kafin nan, sai ya ɗaure wa Richard Nixon gindi, yana yawo a kudu yana jan hankalin fararen fata cewa zaɓen Wallace asarar ƙuri'a ce. Karolaina ta Kudu ta faɗa hannun Nixon. Burin Wallace a shekarar ba kujerar kanta ba ce. So yake ya hana kowa kaiwa wakilai 270 da ake bukata, don a dawo ana neman sa da ciniki. Nixon ya samu 301, dabarar ta rushe, kuma da hannun Thurmond a rushewar. Mai iya baki ya sha kaye a hannun mai iya ƙulli.

Sauran karon ban daɗe a kansu ba. Gwamna Orval Faubus na Akansas, wanda ya sa dakarun jiha suka tare yara tara baƙar fata a ƙofar makarantar sakandare a Little Rock a 1957 har sai da Shugaba Eisenhower ya turo sojojin tarayya, da Gwamna Ross Barnett na Misisifi, wanda taurin kansa kan shigar ɗalibi baƙar fata James Meredith jami'a a 1962 ya jawo tarzomar da mutum biyu suka mutu, da Lester Maddox na Jojiya, mai gidan abincin da ya kori baƙar fata da ƙotar gatari, duk waɗannan gwanayen gida ne. In ka fitar da su daga jiharsu ba su da abin sayarwa. Richard Russell na Jojiya daban ne. Dattijo ne mai lafazi, ya fi kowa sanin ƙa'idojin Majalisar Dattawa, shi ya kawo dokar ciyar da 'yan makaranta ta 1946, kuma shi ne uban gidan Lyndon Johnson a majalisar kafin Johnson ya zama shugaban ƙasa. Ya nemi tikitin Dimokurat a 1952 bai samu ba, saboda wakilan arewa ba za su miƙa tuta ga mai kare wariya ba komai kyan rigarsa. Shi ne kuma ya jagoranci 'yan kudu wajen toshe dokar 'yancin jama'a ta 1964 har sai da sanatoci 71 suka kada ƙuri'ar rufe muhawara. A ganina irin Russell ya fi irin Maddox haɗari, domin shi ba ya ɗaga murya, ba ya riƙe ƙota, aikinsa cikin ladabi yake yi.

Da suka haɗa Huey Long na Luwiziyana da Theodore Bilbo na Misisifi, nan ne na ɗan ji raina ya ɓaci, saboda yaran suna ambaton Bilbo kamar sunan ɗan wasan ƙwallo. Na ce ku san wanda kuke magana a kai. Wannan mutum da bakinsa ya amsa cewa shi ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan ne, ƙungiyar fararen fata masu yi wa baƙar fata ta'addanci. A 1939 ya kai ƙuduri Majalisar Dattawa na a kwashe baƙar fatan Amurka a mayar da su Afirka ta Yamma, wato nan wajenmu, kamar kayan da aka gama amfani da su. A kamfensa na 1946 ya zuga fararen fata su hana baƙi fitowa zaɓe, har majalisar ta ƙi rantsar da shi a farkon 1947, ya mutu a shekarar bai koma kujerar ba. Long kuwa, tsohon gwamna kuma sanata wanda aka harbe a 1935, ya yi hanyoyi, ya raba littattafan makaranta kyauta har ga yaran baƙar fata, a zamaninsa aka soke harajin ƙuri'a a jiharsa. Amma shi ma bai buɗe wa baƙar fata rajistar zaɓe ba. Ya ba su littafi, ya riƙe musu ƙuri'a.

To, Edita, a nan na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Na tambayi yaran, wannan zaɓe da kuke ta lissafi, su wa za su yi layi? Sai suka yi tsit. Autana ya ce, "Baba, ai 'yan ƙasa." Na ce waɗanne?

A Luwiziyana a 1896 akwai baƙar fata sama da 130,000 a rajistar masu zaɓe. Bayan an sake kundin tsarin mulkin jihar, zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Ba annoba aka yi ba, ba yaƙi aka yi ba, alƙalami ne kawai ya share su. Misisifi ce ta fara nuna hanya da kundinta na 1890. An sa harajin da sai ka biya kafin ka yi zaɓe, ga mutanen da ke noman auduga a gonar wani, shekara ta zagayo suna cikin bashi. An sa jarrabawar karatu, inda magatakarda farar fata zai buɗe sashen da ya ga dama na kundin tsarin mulki ya ce ka fassara, kuma shi kaɗai ke da ikon cewa ka ci ko ka faɗi. An mayar da zaɓen fid da gwani na Dimokurat na fararen fata zalla, alhali a kudu wanda ya ci wannan ya gama cin zaɓe, sai a 1944 Kotun Ƙoli ta haramta hakan. Wanda duk ya tsallake waɗannan kuma yana da mai gona da zai kore shi, da mai shago da zai hana shi bashi, da mutanen dare da za su zo masa da wuta.

Ga sakamakon. A 1948 da Thurmond ya lashe jiharsa da gagarumin rinjaye, duka ƙuri'un da aka jefa a Karolaina ta Kudu ba su kai 150,000 ba, a jihar da ke da mutum wajen miliyan biyu. A Misisifi ya samu kashi 87 cikin ɗari, a lokacin da kusan rabin mutanen jihar baƙar fata ne kuma kusan dukkansu ba su da damar zuwa rumfa. A Alabama ma ko sunan Truman, shugaba mai ci, ba a sa a takardar zaɓe ba. Har zuwa 1964 baƙar fatan Misisifi da ke da rajista ba su kai kashi bakwai cikin ɗari ba. A gundumar Lowndes ta Alabama, inda wajen mutum huɗu cikin biyar baƙar fata ne, an shiga 1965 babu ko mutum ɗaya daga cikinsu a rajista. Wanda ya ɗaure hannun abokin karawarsa sannan ya buge shi, ba a kiransa gwanin dambe. Duk farin jinin da yarana ke aunawa, a kan wannan aka gina shi.

Na ba su labarin Fannie Lou Hamer, wadda ba su taɓa jin sunanta ba duk da sun haddace na sanatoci goma. Matar nan tana aiki a gonar auduga a Misisifi, ta haura shekara arba'in kafin ta je neman rajista a 1962. Da ta dawo mai gonar ya ce ko ta janye ko ta bar masa ƙasarsa, ta tattara ta tafi. A 1963 aka kama ta a garin Winona aka yi mata dukan da ta rayu da raunin sa har ƙarshen ranta. A 1964 ta tsaya gaban kwamitin babban taron Dimokurat ta ba da labarin nan ƙasa duka tana ji. A watan Yunin 1963, ranar da Wallace ya tsaya a ƙofar jami'ar Alabama don hana ɗalibai baƙar fata Vivian Malone da James Hood shiga, a daren ne aka harbe Medgar Evers, jagoran masu fafutukar 'yancin baƙar fata, a ƙofar gidansa a Misisifi. Bayan wata uku bam ya kashe 'yan mata huɗu a wani coci a Birmingham, cikin jihar da gwamnanta ya rantse a farkon shekarar cewa wariya yau, wariya gobe, wariya har abada.

Kada wani ya ce wannan labarin wasu ne can nesa. A 1957 an hana ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, shan lemo a wani gidan abinci a jihar Delawe saboda fatarsa, har Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don ba da haƙuri. A 1961, shekarar da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai ziyara Amurka aka karɓe shi da girma, a shekarar ne aka ƙi sayar wa jakadan Chadi abinci a kan hanyar da ke tsakanin New York da Washington. Da ni ko kai, Edita, muka sauka a Alabama a lokacin da babbar riga da hula, ƙofar baya za a nuna mana.

Daga nan na juyo da yaran gida, domin tarihin da bai taɓa ƙofar gidanka ba hira ce kawai. Na tambaye su yaushe kakarsu ta fara zaɓen shugaban ƙasa. Ba wanda ya sani. A zaɓen 1959 matan kudancin Najeriya sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sai a 1979 ta fara tsayawa layin zaɓen tarayya, tana da jikoki. Ni na raka ta. Na tuna ta sa zanen da take ajiyewa don sallah, kuma da ta fito ta daɗe tana kallon babban yatsanta. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a kan wannan haƙƙi da sauran haƙƙoƙin talaka. Don haka idan wani ya ce a haɗa wane da wane na Jamhuriya ta Farko a ga wa zai ci a Arewa, tambayata ɗaya ce, da matan ko ba da su ba?

Akwai kuma wani abu da muke da shi wanda nake ganin ba mu san darajarsa ba. Tun kundin 1979, ba ka zama shugaban Najeriya da yawan ƙuri'a kaɗai, sai ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Mu da muka ga rikicin lissafin sha biyu da biyu bisa uku tsakanin Shehu Shagari da Obafemi Awolowo, lokacin jihohi 19, mun san dokar tana da nata ciwon kai. Amma na sa yaran su auna Wallace da ita. Cikin jihohi hamsin yana bukatar 34, waɗanda ya kai kashi 25 a cikinsu a 1968 ba su kai goma ba. Na Thurmond ma ba a magana. Dokar ta tilasta wa mai neman kujerar ya je ya yi sallama a ƙofar waɗanda ba yarensa ɗaya da su ba, ba addininsa ɗaya da su ba. Waɗanda suka rubuta ta sun ga yaƙin basasa da idonsu, sun san abin da suke gudu.

Abin da ke hana ni barci shi ne garin nan namu. Ba na cewa Kaduna Alabama ce. Babu dokar da ta ce wane ba zai zauna a Rigasa ba ko wane ba zai kama haya a Sabon Tasha ba, babu allo a bakin famfo da ke cewa na su wane ne kaɗai. Amma ni na san Tudun Wadar da maƙwabcina na jikin katanga mutumin kudancin jihar nan ne, Kirista, muna koyarwa a makaranta ɗaya, matarsa ce ta riƙe matata ranar da aka haifi babbar 'yata. Bayan rikicin Fabrairun 2000 ya kwashe iyalinsa ya tsallaka kogi. Ban ga laifinsa ba, haka wasu 'yan uwana suka baro Kakuri da Television suka dawo wannan ɓangare. Yau autana ya kai shekara ashirin da biyu, ya san tarihin Jojiya, amma ba shi da aboki ko ɗaya a ƙetaren gada. Kuma duk lokacin zaɓe sai ka ji masu neman kujera a ɓangarorin biyu suna magana a fili da harshe ɗaya, a ɗaki da wani, suna cewa in ba ku zaɓe ni ba waɗancan za su hau kanku. Wallace ma da haka ya fara. A 1958 ya tsaya takarar gwamna da sassauci a kan batun launin fata, ya sha kaye a hannun wanda ya fi shi zafi, daga nan ya canja murya. Ya ga abin da ke kawo ƙuri'a ne ya bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon ya daɗe da tsagewa.

A daren ƙarshe kafin ya koma makaranta, autana ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Baba, to in an buɗe rajistar ga kowa, wa zai ci tsakaninsu?" Na ce wannan ba sai an yi hasashe ba, an gwada. Bayan tattakin Selma na Maris 1965, inda 'yan sandan jihar Wallace suka far wa masu zanga-zanga a kan gada, aka kafa dokar kare haƙƙin zaɓe a watan Agustan shekarar. Cikin shekara biyu rajistar baƙar fata a Misisifi ta tashi zuwa kusan kashi sittin. Thurmond, wanda ya yi sa'a 24 da minti 18 yana magana a tsaye a majalisa a 1957 don ya daƙile dokar 'yancin jama'a, shi ne ya ɗauki baƙar fata aiki a ofishinsa a 1971, ya goyi bayan sabunta dokar zaɓen a 1982, ya kuma amince da ranar hutu don tunawa da Martin Luther King. Wallace, yana kan keken guragu tun harbin 1972, ya riƙa neman gafarar baƙar fata, ya ci gwamna karo na huɗu a 1982 da ƙuri'unsu masu yawa, ya kuma naɗa da dama daga cikinsu a muƙamai. Ko tuba ce ta gaskiya ko lissafi ne, Allah ne masanin zukata. Abin da ido ya gani dai shi ne, sai da mutanen nan suka samu ƙuri'a a hannu sannan aka fara zuwa neman su. Yaron ya ce zai sake rubuta aikin nasa ta wannan fuska, kowane karo da sakamako biyu, ɗaya da rajistar 1948, ɗaya da ta 1968.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridarka ta ware shafi guda ta kawo tarihin Fannie Lou Hamer da na Hajiya Gambo Sawaba gefe da gefe, da Hausa, yadda matanmu da 'yan makaranta za su karanta. Ina da tsofaffin takardun darasina a cikin akwati, in ana bukata zan kawo su ofishinku da kaina. Tsohon maƙwabcin nawa ma yana nan da rai a Sabon Tasha, shi ya koyar da darasin gwamnati shekara da shekaru, na kira shi a waya ya ce zai taimaka da nasa.

Na gode. Allah ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasarmu baki ɗaya.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Kaduna.